Rufin 504 a Kan Gadar Kennedy

Waɗanda suka gan mu ranar Asabar a kan Gadar Kennedy ta Yamai suke ta kirana a waya, ga yadda aka yi, kowa ya huta.

Kun dai san motar Baba, Fijo 504, fara, haɗin Kaduna, wadda ta daɗe a gindin dogon yaro kaji suna ƙwai a cikinta. Inji lafiya lau. Ciki ne ya mutu: kujeru sun fashe, soso ya zama gari, yadin rufi ya yage. Mutuminku na fada, wurin hirarmu, ya rantse mini da wani mai ɗinkin kujeru a Bukoki, muka shiga kasuwar Katako muka sayo leda da soso da yadi, jikkuna suka tafi. Kujeru kam sun yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Rufin ne matsalar. Motocin wancan zamani, irin wannan da ta fara fitowa a 1968, rataya musu yadin rufi ake yi. Akwai siraran sandunan ƙarfe masu lanƙwasa da ke gittawa daga gefe zuwa gefe, a ɗinka wa yadin aljihuna ta baya, a zura su, a maƙala, sannan a ja bakin yadin a cusa ƙarƙashin robar gilashi da ta ƙofofi. Gwanin namu ya ce wannan aikin mutanen da ne. Ya zare sandunan, ya shafa gam a jikin rufin, bisa tsohon soson da ko kankarewa bai yi ba, ya manna yadi. A watan Afrilu fa, a Yamai, inda zafi ke haura 40 a inuwa.

Ɗaurin aure muka je Harobanda, hayin kogi. Mota ta wuni a rana muna cin shinkafa. Da za a dawo, surukina Alhaji ya ƙi motar ɗansa mai sanyi, ya ce shi 504 zai shiga, da irinta yake zuwa Tawa lokacin ƙuruciya. Ya zauna gaba cikin farar shadda. Gwaggo da ƙawarta suna baya. Ni kuwa sai hura hanci nake, har da ɗora gwiwar hannu a taga.

Mun hau gada ke nan cunkoso ya riƙe mu. Na fara jin warin gam. Sai wani abu ya taɓa mini hula a hankali. Na duba madubi, babu Gwaggo, babu ƙawarta, babu gilashin baya, yadi ne kawai ya yi ciki yana saukowa. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, bai faɗo gaba ɗaya an gama ba. A hankali ya riƙa ɓantalewa daga baya zuwa gaba, yana wata ƙara ƙyaaa, ina ji ina gani, hannuna biyu a sitiyari, a wurin da ba a tsayawa. Daga can ƙarƙashi muryar Gwaggo ta fito: “Innalillahi! Ɗan nan, me ka rufe mu da shi?” Na ce, “Gwaggo ku yi haƙuri, ku ɗan tura shi sama.” Ta tura. Tsohon soson nan da ya zama jan gari ya zubo, rabi a kanta, rabi a kan farar shaddar Alhaji.

Alhaji bai ce uffan ba. Ya dubi hannun rigarsa, ya dube ni. Sannan ya ɗaga sandarsa ya tokare yadin a tsakiyar mota, ya riƙe ta tsaye kamar mai riƙe wa sarki laima, ya ce, “Tuƙa, yaro.” Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. To da sandar ta ɗaga yadin, gam ɗin da ya narke ya riga ya kama ɗaurin kallabin Gwaggo, ɗaurin da aka ɓata safiya ana yi. Yadi ya yi sama, kallabi ya bi shi. Yana nan yana reto a rufi, Gwaggo ta dafe kai da hannu biyu tana salati, ƙawarta tana ƙoƙarin rufe ta da mayafi tana dariya har da hawaye. Na ce, “Baba, ku gafarce ni.” Ya ce, “Dubi gabanka.”

Yanzu ga wanda nake nema. Wani ɗan kabu-kabu mai jar hula, siriri, haƙorinsa ɗaya na gaba ya karye. Hanya a buɗe take gare shi, babur ne, ko'ina yana kutsawa. Ya ƙi wucewa. Ya jera da tagata tun daga tsakiyar gada, ya leƙo ya ce, “Alhaji, amarya ce kuka lulluɓe?” Fasinjan da ya ɗauko ma yana ce masa su tafi yana sauri, shi ko ya rage gudu ya ɗaga wa wani ɗan uwansa hannu ya zo ya gani. Mutum da sana'arsa, mai yana ƙonewa, amma ya zaɓi ya raka ni har gangaren gada. Da muka samu wuri muka tsaya, shi ma ya tsaya, wai ko a taimaka. Taimakon da ya yi shi ne ya ɓamɓaro kallabin ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu yana cewa “Barka da arziki, Hajiya.” In kun san shi ku gaya masa ban manta fuskarsa ba.

Washegari na koma neman sandunan. Mai ɗinki ya ce yaronsa ya ba wani. Wanin nan ashe mutuminku ne na fada, wanda ya kai ni wurin, ya lanƙwasa su ya yi wa tattabarunsa ɗaki. Wai in jira su ƙyanƙyashe.

An kai shaddar wanki, jan bai gama fita ba. Motar tana nan ƙarfe tsirara a sama, da rana sai da rawani ake shiga. Wanda ya san inda ake samun sandunan 504, ko na wadda ta mutu ne, ya yi mini magana.