Samari, wa ya aike ku ku fasa rumbun Debian?

Abin da na gani makon nan a wani ɗakin kwamfuta na ɗaliban kimiyya shi ya sa na kasa yin shiru. Kwamfuta ce ta kowa da kowa, tsarin aiki na Linux mai suna Debian 12 ke kanta. Wani yaro yana son sabon NumPy, kayan lissafi na yaren kwamfuta Python, sai pip, manhajar da ke sauko da kayan Python, ya ƙi, ya rubuta masa gargaɗi baro-baro cewa wannan wurin ba nasa ba ne. Yaron bai ko karanta ba. Ya kwafo umarnin sudo pip install da --break-system-packages ya danna, sudo kuwa shi ke ba mutum cikakken iko a kan kwamfutar. Kafin la'asar SciPy da Matplotlib, kayan da suka dogara da NumPy, sun daina tashi, masu rubuta kundin digiri suna ta salati.

Haba ƙannena! Umarnin da kansa yana cewa zai fasa kayan tsarin, kai kuma ka ce bismillah? Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho.

Ku san cewa ba haka kawai aka jera kayan nan ba. Tun 2002 Andreas Tille ya fara Debian Med na masu likitanci, ga Debian Science na masu kimiyya, ga Debian Astro na masu ilimin taurari, ga DebiChem na masu sinadarai. Mutane ne 'yan sa-kai, ba albashi, suka zauna suka ba kowane ƙunshin manhaja suna da mazauni. Na yaren R da aka ɗauko daga rumbunsa CRAN yana farawa da r-cran-, na ɗaya rumbun R ɗin, Bioconductor, r-bioc-, na Python python3-, na Octave octave-. Kamar shagon mai magani ne, kowace kwalba da kantarta da takardarta, sai wani ya shigo da buhu ya juye a tsakar shago.

Ga yadda ɓarnar take. Abin da apt, mai saka kaya daga rumbun Debian, ya saka yana zaune a /usr/lib/python3/dist-packages. Abin da kuka tura da sudo pip yana faɗawa ƙarƙashin /usr/local, kuma nan Python yake fara dubawa. Debian 12 ya zo da NumPy 1.24, an gina SciPy ɗinsa a kan wannan. NumPy 2.0 da ya fito a 2024 bai jitu da abin da aka gina kan tsohon ba. To ka ɗora sabo a gaba, tsofaffin su yi yaya? Apt kuma bai san da zaman baƙon ba, balle ya kore shi. Dalilin da ya sa aka sa wa pip wannan shingen ke nan tun fitowar Debian 12 a 2023, ku kuma kuna tsallake shi kamar an yi muku rowa. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Kuma ku ne dai masu yawo da MATLAB na sata a filashi, alhali Octave, mai irin wannan aikin lissafin, na nan kyauta a rumbu. Ku ne masu kwafo umarni daga bidiyon YouTube ba ku san mai maganar wane tsari yake kai ba. Idan abu ya lalace sai ka ji "Linux ɗin nan wahala ne da shi", a goge faifai a sake sakawa, a tafi da aikin wani na wata uku.

Ba na ce kada ku nemi sabon kaya ba. Bincike yakan buƙaci haka. Akwai venv, keɓaɓɓen wurin Python da bai taɓa kayan tsarin, ku killace abinku a can, ku yi ta ɓarnarku ba wanda zai ji. Ku dai natsu, ku tambaya, ku ji nauyin kayan jama'a.

Da can ba haka muka taras ba. Mutum kan buɗe README.Debian, takardar bayanin ƙunshi, ya karanta kafin ya taɓa komai. Kalmar sirrin babban mai iko ba a ba yaro sai an ga hankalinsa. Wanda ya ga matsala a ƙunshi yakan zauna da reportbug ya rubuta wa masu kula da shi, har a gyara wa kowa. Yanzu wa ke da wannan haƙurin? Jerin ƙunshin da ba su da mai kula yana nan a shafin Debian, ana neman hannu, namu samarin kuwa suna can suna gasar wa ya fi saurin danna sudo.