Jarumar da ake sumarwa a shafi na uku

Mujallar labarin zane ta Amurka shafi 20 zuwa 22 ce, in labarin ƙungiyar jarumai ne, su shida ko bakwai ke rabonsu. To wa ake tauye wa kaso? Macen nan ɗaya tilo da ke cikinsu. Marubuci ya ba ta ƙarfin da za ta gama faɗan cikin zane biyu, sai ya rasa yadda zai yi da ita, sai kawai ya sumar da ita a shafi na uku don maza su samu abin yi. Haba! Wannan ai lalaci ne tsagwaronsa.

Ciwon ya daɗe. A 1942 Wonder Woman, duk ƙarfinta, sakatariya aka mai da ita a ƙungiyar jarumai ta Justice Society. Sue Storm ta ƙungiyar Fantastic Four kuwa tun 1961 ake ce mata Invisible Girl, wato yarinya, sai 1985 aka yarda mace ce, ta koma Invisible Woman.

Gwajin gane ko an tauye jarumar ba wuya. A rufe zanen da tafin hannu, a karanta maganarta kaɗai. In ba abin da take faɗa sai "yi hattara!" da kiran sunan shugaba, ba a rubuta ta ba. Gyaran shi ne a ba ta buƙatar kanta, ta yi musu, ta yanke shawara, in ta kuskure a ga abin da ya jawo wa ƙungiyar. Mai zane kuma, don Allah, a bar murɗe mata ƙugu tana tsaka da naushi, ƙashin bayan mutum ba ya lanƙwasuwa haka.