A Jamus, Sunkuyar da Kai Ba Ya Ba Ka Aiki

Wani matashi ɗan Zariya, injiniyan lantarki mai takardu cif, ya je ganawar neman aiki a wani kamfani nan Hamburg, aka ƙi ɗaukarsa. Da aka bi ba'asi, wai bai yarda da kansa ba. Abin da ya yi kawai shi ne abin da iyayensa suka koya masa: kai a ƙasa, hannu a sanyaye, murya can ciki. Wannan ya ci min rai ƙwarai.

Ofisoshinsu tsit suke, bangon gilashi, ruwa a kwalba kan tebur, mutum biyu ko uku da biro suna rubuta duk abin da ka faɗa. Babu tambayar gida da iyali. Idan an sa ƙarfe 10, ka iso saura minti goma. Zuwa da rabin awa ma takura ce a wurinsu. Jiragen ƙasa kan makara, don haka hau wanda ke gaban naka.

Musabaha da hannu ɗaya, a riƙe da ƙarfi, daƙiƙa biyu a saki. Idan ba ka musabaha da mata, ɗora hannu a ƙirji, ka faɗi dalili da fara'a tun kafin ta miƙo. Kira mutum da Herr (in namiji ne) ko Frau (in mace ce) da sunan zuriyarsa.

Ido shi ne ya fi ba mu wuya. Kalli tsakanin girar mai yi maka tambaya na daƙiƙa uku, kawar, ka dawo. Fara gwadawa kullum da mai kanti da direban bas. Sannan ɗauki muryarka a waya minti biyu kana bayanin aikinka, za ka ji yadda muke haɗiye ƙarshen magana. In kai ka gyara injin, ce "ni na gyara", domin "mun ɗan taɓa" a kunnensu na nufin ba ka yi komai ba.

Gaskiya tsarinsu na zaƙulo mai ƙwazo, ban musa ba. Amma kunyarmu ba tsoro ba ce, tarbiyya ce, kuma duk waɗannan dabarun ana koyonsu cikin wata guda. Abin da ke damuna yaranmu ne da aka haifa nan. Suna kallon kowa ido cikin ido, amma kakarsu ta kira daga Kano, sai an yi ta roƙo kafin su ce mata ina kwana.