Injiniyan Gwaggo da Aisin da Ya Ƙi Ƙonewa

Wata uku kacal na yi a shagon gyaran waya na yayana a kasuwar Farm Centre da ke Kano, mafi yawansu kuma wajen sayo abinci da goge gilashi suka ƙare, amma tun daga lokacin dangi suka liƙa mini sunan Injiniya, ni kuwa ban taɓa ganin dalilin musantawa ba.

Daren kamun 'yar Gwaggo ana tsakiyar hidima aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari biyu ya yi shiru. Gwaggo ta miƙo mini wayarta ta ce, "Injiniya, ɗauke ni da amarya." Na danna, filashi ya yi wani ɗan haske kamar fitilar ƙwai da kananzir ya ƙare mata, hoton da ya fito kuma babu komai a cikinsa sai haƙoran Makka biyu na Gwaggo da farin idon amarya. Na sake gwadawa sau uku, na ukun ma ko ƙiftawa bai yi ba. Da mata suka zuba mini ido, sai na gyara tsayuwa na yanke hukunci cewa aisin filashi, wato ɗan ƙaramin guntun lantarkin da ke sarrafa wutar filashi, shi ne ya ƙone, na kuma yi alkawarin dawo da wayar da safe tana haske kamar walƙiyar damina. A saman gilashin akwai alamar batir ja wur da kashi 9 cikin ɗari, amma babban ma'aikaci ba ya tsayawa kallon ƙananan abubuwa.

A ɗakina na kwance wayar, na ciro injinta, na soma da ƙara wa ƙafafun ƙwan filashin dalma, kuma da yake hannuna na kyauta ne, na zuba har ta haɗe ƙafafun biyu wuri guda ban lura ba. Na mayar, na sa caji, na danna: shiru. Na cire ƙwan gaba ɗaya na ɗora mita a gurbinsa, lambobi suka yi wani ɗan tsalle suka koma sifili kafin in karanta. Wannan ya ƙara mini yaƙini, domin a ganina aisi mai rai ba zai riƙa tashi yana komawa barci ba. Sai na ɗauko bulowa, na'urar hura iska mai zafi, na gasa shi, na gwada tun yana da zafi, nan ma ya ƙi.

Wajen ƙarfe biyu na dare dabara ta zo mini, irin wadda ba ta zuwa wa mutum da rana. Na ce tun da aisin ya zama ɗan sarauta, bari in bi ta bayansa. Na ɗauko batirin wata waya mai cikakken caji, bolt 4.2, na ja jamfa, wato siririyar wayar wuta, daga gare shi kai tsaye zuwa ƙwan. Ɗakin ya haskaka har na ga gizo-gizon da ban san ina zaune da su ba, na yi kabbara, na soma tsara jawabin da zan yi wa Gwaggo. Ban kai ƙarshen sallama ba hasken ya rikiɗe ya koma shuɗi, yatsata ta gaya mini labarin da ban tambaya ba, wani siririn hayaƙi ya tashi, duhu ya dawo da ƙaurin roba.

Da safe na kai wa Yaya kayan a cikin ledar burodi. Ya duba injin a ƙarƙashin madubi, ya auna nan da can, ya ɗago ya ce, "Malam Injiniya, aisin nan lafiyarsa ƙalau, kuma a daren jiya shi kaɗai ne mai hankali a ɗakinka." Sannan ya buɗe takardar bayanin aisi mai lamba LM3644 na kamfanin Texas Instruments, wanda irinsa ne a wayar, ya bi laifuffukana ɗaya bayan ɗaya kamar mai gabatar da ƙara.

Ya ce filashi yakan ja har amfiya 1.5 a ƙwai guda lokaci ɗaya, tsohon batir mai ƙarancin caji kuwa idan aka ɗora masa wannan kaya sai ƙarfinsa ya zube, wayar ta mutu a hannun mai ita. Saboda haka aisin yana sa ido a kan batir, idan ya ga yana durƙushewa ya taƙaita abin da yake ja, idan kuma ya faɗo zuwa bolt 2.5 ya janye hannu gaba ɗaya. Ashe tun a gidan biki caja kawai wayar take roƙo. Dalmar da na malala kuwa ta sa ya ga ƙafar ƙwan ta kasa haura rabin bolt, ya gane an haɗe hanya, ya kashe kansa kafin wani abu ya ƙone. Da na cire ƙwan, ya yi ta ɗaga wuta yana neman inda zai zuba ta, da ya kai kimanin bolt 5 bai samu kowa ba ya tsaya, tsallen da na gani a mita ke nan. Yana kuma yanke aiki idan zafin jikinsa ya kai digiri 150, wato an tanade shi don zafin aiki, sai ga shi ya gamu da mai bulowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batun lokaci. Aisin ba ya barin filashi ya wuce milisakan 400, ƙasa da rabin daƙiƙa, ko da manhajar wayar ta manta ba ta ce a kashe ba, domin ƙwan ba ya jure wannan wuta fiye da ƙiftawar ido. Ni kuwa na ba shi ita babu awo babu agogo, har ina shirya jawabi. Yaya ya ƙara da cewa duk laifin da aisin ya gani yakan ajiye alamarsa, ya ƙi sake aiki sai ƙwaƙwalwar wayar ta zo ta karanta. Na ce, "Yaya, wato har rahotona ya rubuta?" Ya ce, "Da yana da baki da Gwaggo ta riga ta ji."

Na biya kuɗin sabon ƙwai da sabon batir daga aljihuna, na ƙara da na shayin Yaya domin maganar ta tsaya a shago. Da yamma na mayar wa Gwaggo wayarta, ta danna, filashi ya haske tsakar gida har kaji suka watse, ta yi ta sa mini albarka tana cewa ai ta san yaron nan ba a banza ya zauna a kasuwa ba. Washegari da sassafe aka yi sallama, na fito na tarar da jikanta riƙe da leda, a ciki akwai wayoyin ƙawayenta guda uku da tocila ɗaya.