Kuɗin inshorar lafiya ba adashi ba ne

A kasuwar Mile 12 na ji wani mai albasa yana cewa ya daina biyan Ilera Eko, shirin inshorar lafiya na jihar Legas. Wai shekara ta zagayo ko allura ba a yi masa ba, kuɗinsa sun tafi a banza. Mutanenmu da yawa haka suke kallon abin, kamar adashi, kowa na jiran ranar kwasarsa.

Kuɗinsa ba su ɓata ba. Sun shiga asusu ɗaya da na dubban jama'a, daga ciki aka biya wa matar wani kuɗin haihuwa. Ai mun saba gani a Agege, ana idar da sallar Juma'a a zagaya da hula, an kwantar da wani ana neman kuɗin tiyata kafin la'asar. Inshora tana tara wannan gudummawar ne tun ciwo bai zo ba, kafin mai jinya ya sayar da babur ɗinsa. In masu ciwo kaɗai suka yi rajista, asusun ba zai kai ko'ina ba.

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka yi a 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa, amma ɗan dakon da ke neman na abinci fa? Dokar ta tanadi asusun marasa galihu domin irinsa, kuma ina ganin a nan ya kamata sarakunan Hausawan Legas su matsa wa gwamnati ta zuba kuɗin.