Masu gadin duniya, wa ke duba littafin kuɗinsu?

Mutanen Maradi sun san yadda ake auna ƙungiyar agaji. A yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ke karɓar yara masu tamowa a nan, sikeli ne shaida: yaro ya shigo a rame, ya fita da kumari, uwarsa ta gani da idonta. Rijiya ma haka take, ko ta ba da ruwa ko ta ƙafe. To amma akwai wata irin ƙungiya da ba ta da sikeli, wadda ke cewa aikinta hana bala'in da zai iya shafe ɗan Adam baki ɗaya: yaƙin nukiliya, annobar da aka haɗa a ɗakin bincike, ko ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta da ta fi ƙarfin masu ita.

Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce Future of Life Institute, wadda masanin kimiyya Max Tegmark da abokansa suka kafa a Amurka a 2014. Ni dai ina ganin damuwarta gaskiya ce, kuma ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Yuraniyom ɗin Arlit ya daɗe yana fita waje, mun san me ake iya yi da shi. Ƙungiyar ta jima tana kiran a hana makaman da ke zaɓar wanda za su kashe ba tare da umarnin mutum ba, kuma a 2021 wani rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambaci amfani da irin wannan jirgi maras matuƙi a Libiya, maƙwabciyarmu ta arewa. Idan aka saki irin waɗannan makamai, a sararin Sahel za a fara gwada su kafin su kai Turai. A 2018 kuma ƙungiyar ta karrama Stanislav Petrov, hafsan Tarayyar Sobiyet da ya ƙi yarda da ƙararrawar ƙarya ta harin makamai masu linzami a 1983. Wannan karramawa ta dace.

Inda nake da magana shi ne wajen kuɗi da iko.

A 2015 Elon Musk ya ba ƙungiyar dala miliyan 10. A watan Maris na 2023 ta fitar da budaɗɗiyar wasiƙa tana neman a dakatar da ƙera manyan na'urorin basira na tsawon wata shida, Musk na cikin waɗanda suka sa hannu. Babu kamfanin da ya tsaya. Shi kansa, a watan Yuli na shekarar, ya sanar da nasa kamfanin na ƙirƙirarriyar basira, xAI. Wasiƙar ta tayar da muhawara a duniya, wannan ba a musu, amma dole mai karatu ya tambaya: mai ba da kuɗin yana tsoron wutar ne, ko so yake abokan gasa su dakata ya cim masu?

Sai kyautar da Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro kuɗin intanet na Ethereum, ya ba ƙungiyar a 2021, kuɗin intanet da darajarsu ta haura dala miliyan 600. Akasarin mutane ba su ji girmanta ba sai da jaridar Politico ta yi rahoto a kai a 2024, alhali ƙungiyar na shiga ofisoshin masu tsara dokoki a Turai da Amurka. A 2023 ma an gano ta taɓa nuna niyyar ba wata gidauniya mai alaƙa da jaridar masu tsattsauran ra'ayi a Suwidin dala dubu 100. Ta janye, ko sisi bai fita ba, amma ƴan jarida ne suka tono zancen.

Ƙungiyar da nasararta ita ce abin da bai faru ba, ba ta da hanyar nuna sakamako. Idan duniya ta kwana lafiya, za ta iya cewa aikinta ne, kuma babu mai ƙaryata ta. Saboda haka abin da ya rage a auna ta da shi shi ne abin da ido ke iya gani: wa ya ba da kuɗi, nawa, wa ya karɓa, wa ke zaune a kwamitin da ke yanke shawara, wa ke da ikon tsige shi. Rugujewar kamfanin hada-hadar kuɗin intanet na FTX a Nuwamba 2022, wanda gidauniyarsa ta yi wa masu irin wannan aiki alkawuran miliyoyi, ta nuna haɗarin jingina makomar jama'a ga aljihun attajiri ɗaya.

Akwai kuma batun wakilci. A taron Bletchley na Ingila kan haɗarin ƙirƙirarriyar basira, a Nuwamba 2023, ƙasashe 28 ne suka sa hannu kan sanarwar taron, daga Afirka kuwa Najeriya da Kenya da Ruwanda kawai. Wanda ya ce yana magana da yawun ɗan Adam duka, ya kamata ya zo ya ji daga malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da manoman Tibiri da Madarunfa, ya kuma wallafa bayanan kuɗinsa duk shekara cikin harsunan da za su iya karantawa.