Kyakkyawar niyya ba ta wanke keji: a sa gidajen ceto da masu kiwon karnuka ƙarƙashin ma'auni ɗaya

Duk lokacin da aka zo maganar kafa doka kan kula da dabbobin gida, sai a raba mutane gida biyu. Ga mai kiwon karnuka da maguna don sayarwa, wanda ake kallo da idon zargi. Ga kuma mai gidan ceto, wanda ke kwaso dabbobin da aka yasar, ake ganin bai kamata ma a tambaye shi komai ba. Wannan rabo yana da daɗin ji, amma kwikwiyon da ke kwance cikin kashinsa bai san abin da aka rubuta a allon ƙofar gidan ba. Ra'ayina shi ne doka ta bi dabbar: duk wanda ya tara dabbobi fiye da wani adadi, yana kuma miƙa su ga jama'a, ko da kuɗi ko kyauta, ya shiga ƙarƙashin lasisi da bincike iri ɗaya.

Ingila ta yi nisa a ɓangaren masu kiwo. Ƙa'idojin da ta kafa a 2018 sun wajabta lasisi ga wanda karnukansa suka haihu sau uku ko fiye a cikin wata 12 yana sayar da 'ya'yan. Ba a yi wa karya barbara kafin ta cika wata 12, ba ta haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, ba ta wuce haihuwa shida a rayuwarta, in kuma an yi mata tiyatar ciro 'ya'ya sau biyu to ta gama. Ba a sayar da kwikwiyo kafin mako takwas, kuma dole mai saye ya gan shi tare da uwarsa. A watan Afrilun 2020 aka ƙara da hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyo ko ɗan mage da bai kai wata shida ba. Sai dai waɗannan ƙa'idoji ba su haɗa da gidajen ceto ba. Sikotland ce ta rufe irin wannan giɓi a nata yankin a 2021, da ta sa gidajen ceto da masu sama wa dabbobi sabon gida cikin waɗanda dole su nemi lasisi.

Abin da ya faru a jihar Kalifoniya ta Amurka ya nuna illar barin ƙofa ɗaya a buɗe. Daga farkon 2019 jihar ta hana kantuna sayar da karnuka, maguna da zomaye sai waɗanda suka fito daga gidajen ceto. Nan da nan wasu dillalai suka yi wa kansu rajista da sunan ƙungiyoyin ceto, suka ci gaba da kawo 'yan kwikwiyo daga manyan gonakin kiwo, takarda kawai aka sauya. Sai da aka sake gyara dokar, gyaran ya fara aiki a 2021, aka hana kantunan cin riba a kan dabbobin kwata-kwata. In kalmar "ceto" tana kuɓutar da mutum daga bincike, to mai mugun nufi ne zai fara riga kowa ɗaukarta.

Amma ba 'yan damfara ne babbar damuwata ba. Gidan ceto na gaskiya ma yana rushewa, kuma yawanci tausayi ne ke rushe shi. Mai gidan ba ya iya cewa a'a. Yau an kawo karya da 'ya'ya bakwai, gobe mage da aka tsinta a bakin hanya, kafin shekara ta zagayo dabba 30 sun zama 90, ma'aikata kuwa su ne dai biyun nan. Masana kula da gidajen dabbobi a Amurka suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi: kowace dabba tana cin kimanin minti 15 a rana don shara da ciyarwa kawai, tara na wanki, shida na abinci. Dabba 60 ke nan awa 15. Mutum biyu masu aikin awa takwas-takwas sun ƙare ranarsu a kan tsintsiya da kwano, ba a ba da magani ba, ba a fita da kare ko ɗaya ya miƙe ƙafa ba, ba wanda ya lura cewa magen da ke kejin ƙarshe kwana biyu ba ta taɓa abinci ba. Don haka lasisi ya kamata ya zo da lamba a jikinsa: iyakar dabbobin da wurin zai ɗauka, bisa yawan ma'aikata da ɗakunan da ake da su, ba bisa faɗin fili ba.

Akwai wani lissafi da masu rubuta doka kan manta. Yawan dabbobin da ke wuri a kowace rana daidai yake da adadin masu shigowa a rana sau kwanakin da kowace ke yi. Gidan da ke karɓar biyu a rana, kowace ta yi kwana 30, zai kasance da 60 a kullum. In aka rage zaman zuwa kwana 15, sai su koma 30, alhali adadin da aka ceta a shekara bai ragu ko da ɗaya ba. Sufeton da ya san aikinsa zai buɗe littafin shiga da fita kafin ya auna keji.

Cunkoso kuma shi ke buɗe wa cuta ƙofa. Ɗauki cutar farbo, mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini har ruwan jikinsa ya ƙare. Ƙwayarta tana iya yin watanni a ƙasa da tsagar siminti, kuma kare yana fara zubar da ita a kashi tun kafin alamu su bayyana. Yawancin magungunan goge ƙasa masu ƙamshi ba sa kashe ta. Abin da aka sani yana aiki shi ne bilic na gida, ma'auni ɗaya a cikin 32 na ruwa, a haɗa sabo kullum, a bar shi minti goma a jiƙe kafin a ɗauraye. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba shi a kan datti: kashi da maiƙon abinci suna kashe ƙarfinsa, don haka sai an kwashe, an wanke da sabulu, an ɗauraye, sannan a zuba. Daɓen ƙasa, katako da kafet ba sa tsabtacuwa ta wannan hanya ko an kwana ana yi. Shi ya sa dokar da ta ce kawai "a tsabtace wuri" ba ta ce komai ba. Ya kamata ta ce daɓe da bango su zama waɗanda ba sa shan ruwa, magudanar ɗakin marasa lafiya kada ta bi ta gaban na masu lafiya, sabon shigowa a killace shi har kusan mako biyu da kwanonsa da tsintsiyarsa daban, a kuma fara shara daga ɗakin ƙanana masu lafiya a ƙare a na marasa lafiya.

Rigakafi ma akwai inda ake tuntuɓe. Kwikwiyo yana samun kariya daga nonon farko na uwarsa, kuma wannan kariyar tana iya hana allura kamawa. Ba a san ranar da za ta gushe a jikin kowane ɗaya ba, shi ya sa likitocin dabbobi ke fara allura a mako shida zuwa takwas, su maimaita duk bayan mako biyu zuwa huɗu har ya kai mako 16. Mai sayarwa da ya ce "an yi masa allura" yana nuna kati mai sa hannu ɗaya bai yi ƙarya ba, amma kwikwiyon bai tsira ba tukuna. Doka ta tilasta a miƙa wa mai karɓa takarda mai ɗauke da ranar haihuwa, ranar kowace allura da maganin tsutsar ciki, sunan likitan, da ranar allura ta gaba. A haɗa wannan da 'yar na'urar shaida da ake sa wa a ƙarƙashin fata, wadda Birtaniya ta wajabta wa karnuka tun 2016, a kuma fara rajistarta da sunan wanda dabbar ta fito daga hannunsa. In cuta ta ɓulla a gidaje biyar, ta nan ake gane cewa tushensu ɗaya.

Ba kowace doka mai lambobi ce ta isa ba. A ƙarƙashin dokar kula da dabbobi ta tarayyar Amurka ta 1966, ƙa'idar girman keji ita ce a auna kare daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara inci shida, a ninka adadin da kansa. Kare mai tsawon santimita 60 ana iya ajiye shi a keji mai kusan santimita 75 kowane gefe, kuma mai shi yana kan doka. Irin wannan ma'auni yana auna ƙarfe ne, ba ya auna dabba. Abin da ya fi shi shi ne ɗaki mai ɓangare biyu, wurin kwana da ci daban, wurin bayan gida daban, domin kare da mage duka ba sa son yin kashi inda suke kwana, kuma ana iya wanke gefe ɗaya ba tare da an kama dabbar ba. A maguna wannan ba ƙawa ba ce: tsoro da yawan ɗaga su daga keji zuwa keji suna tayar da ƙwayar mura da ke kwance a jikinsu, sai ka ga ɗaki guda yana atishawa, idanu na kwantsa. Sufeto ya duba jikin dabbar ma: haƙarƙari a waje, farata sun yi tsawo har sun lanƙwashe, gashi ya dunƙule, tafin ƙafa ya ƙone da fitsari, ko kare yana ta zagaye wuri ɗaya ba tsayawa.

Ga masu kiwo akwai ƙarin nauyi guda, na abin da ake gadar wa 'ya'ya. Karnuka masu dakakkiyar fuska da yawa ba sa iya numfashi yadda ya kamata, wasunsu ma da wuya su haihu sai da tiyata. Holan ta fitar da ma'auni a 2019 cewa tsawon hancin kare ya kai aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kansa kafin a yi kiwo da shi. Haka kuma makonni uku zuwa 12 na farko su ne lokacin da kwikwiyo ke sabawa da mutane da ƙarar gida. Wanda ya yi su a rufe cikin rumfa yakan tashi matsoraci ko mai cizo, kuma irinsa ne ake mayarwa gidan ceto bayan wata shida.

Masu adawa suna da hujja mai nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Yawancin ƙananan gidajen ceto 'yan sa-kai ne ke riƙe da su da kuɗin aljihunsu. In aka ɗora musu kuɗin lasisi da ginin da sai babbar ƙungiya ke iya yi, za su rufe, dabbobin su koma titi ko a kashe su. Maganin wannan yana cikin yadda aka tsara dokar: kuɗin lasisi ya bi girman wuri, a ba da wa'adin shekara ɗaya ko biyu don gyaran gini, amma abin da ba ya cin kuɗi sosai, wato littafin shiga da fita, killacewa, likitan da aka yi yarjejeniya da shi da iyakar adadi, ya fara aiki nan take. Wanda ke riƙon dabba ɗaya ko biyu a gidansa a madadin ƙungiya ba sai ya nemi lasisi ba, ƙungiyar ce za ta amsa tambaya a kansa. Tsarin taurari ɗaya zuwa biyar da Ingila ke amfani da shi, inda mai kyakkyawan tarihi ke samun lasisin har shekara uku, yana rage wa nagari wahala, ya bar sufeto ya mai da hankali inda ake da matsala. Ziyarar kuwa ta zama ta ba-zata, domin wurin da aka sanar da shi mako guda kafin a zo, wanki kawai za a gani.

Sai abin da dokoki da yawa ke tsallakewa: ranar da aka ƙwace lasisi, ina dabbobin za su? Hukuma takan yi jinkirin rufe wuri mai kare 100 saboda ba ta da inda za ta kai su, shari'a kuma tana iya ɗaukar watanni ana ciyar da su. Ya kamata kowane mai lasisi ya ajiye rubutaccen shiri tun ranar farko, mai nuna wanda zai karɓi dabbobin in ya mutu, ya kwanta ciwo ko kuɗi ya yanke, manyan wurare kuma su ajiye kuɗin jingina da zai ciyar da su na wani lokaci. Kotu ta samu ikon ba da izinin sama musu sabon gida tun kafin a gama shari'a, domin kwikwiyon da aka kama yana mako takwas ba zai jira hukunci ba, a keji zai girma.